Tokar da Inna Ta Tara

Ni na kai takin nan gidanmu da hannuna, saboda haka kada mai karatu ya wahalar da kansa neman wani mai laifi. Buhu huɗu ne na salfa, farin takin zamanin nan mai kama da gishiri. Na loda su a bayan akori-kura daga Jibiya, na biyo ta a kan babur ɗin aiki ina hura hanci, sai ka ce ruwan sama na kawo wa ƙauyen. Shekarata biyu ke nan da fitowa daga makarantar aikin gona, an ba ni Jibiya da ƙauyukanta, ana ce mini malamin gona. Wandona da kari, biro biyu a aljihun gaba, kuma a ganina babu abin da ya rage ban sani ba game da ƙasa.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Daddara. Gonar Baba jigawa ce, jan yashi wanda ruwa ke zarcewa ta cikinsa ba ya tsayawa. Irin wannan ƙasa ba ta ajiya, abin da ka ba ta bana shi za ta mayar maka bana. Tun ina ƙarami shanun Fulani ne ke riƙe da ita. Ana gama girbi wani dattijon Bafillace zai gangaro daga ƙetaren iyaka da garkensa ya kafa mashekari a gonarmu, shanu su ci kara su bar kashi, Baba ya ba shi dammunan gero, mu kuma mu sha nono har ya ishe mu. Sai aka yi babban farin nan. Shekarar da ta biyo baya dattijon ya zo da sandarsa da awaki uku, ya kwana biyu a zaurenmu, ya wuce kudu. Daga nan gonar ta fara ramewa muna kallo.

Daidai lokacin kuma arzikin man fetur ya ɓarke a ƙasa. Hanyar Maraɗi ba ta hutawa. Mai a wajenmu araha, a can kuwa abin da suke kira isansi ya fi ƙarfin talaka, don haka duk saurayin da ya iya tuƙa babur sai ya ɗaura jarkoki ya bi ta bayan Magama da ke bakin iyaka, ya kewaye ma'aikatanmu ya kewaye 'yan duwan, wato kwastan ɗin can, ya dawo da agogo a hannu da rediyo a kafaɗa. Wanda ya rage a gona kuwa dariya ake yi masa a bakin kasuwa. A gidanmu namiji ɗaya ya rage wa Baba a gona, autanmu, wanda a lokacin ya haura ashirin, ƙato ne mai ƙwanji, in ya kama kunya da hauya ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshe. Baba kuwa bayansa ya riga ya ƙi sunkuyo. Kowa a gidan ya san ranar da auta ya ajiye hauya, ranar noman gidanmu ya ƙare.

Auta ya nemi tafiya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A ƙarshe Baba ya zaunar da shi a zaure ya ce ya ba shi damina ɗaya tak. In rumbunan nan biyu na tsakar gida suka cika, ya zauna ya riƙe gonar uban ubansa. In ba su cika ba, shi Baba da bakinsa zai sallame shi ya kuma sa masa albarka. Baba kuwa mutum ne da in ya furta magana, ko za ta kashe shi ba ya janye ta. Da labarin ya iso ni a Jibiya sai na ce ai abin ya zo gidan sauƙi, ga ni malamin gona. Na bi layi, na yi roƙo, na yi faɗa, na samo buhu huɗu.

Dole in faɗi wani abu a nan, in ba haka ba za a ɗauke ni wawa fiye da yadda nake. Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna kuwa ko haɗa ido ba ta yi da ni, kakata ce ta goye ni. Ina zaune gabansa Baba zai dubi bango ya ce, "A gaya ma malamin gona kaza." Ni ma in zan ba da amsa ƙasa nake duba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar ana yi. Amma mutumin da ya saba tsayuwa ƙarƙashin tsamiya yana yi wa manoma hamsin bayani da ƙarfi, da ya shiga zauren ubansa sai harshensa ya naɗe.

Ranar da na sauke buhunan bazara ce, zafi kamar ya narkar da mutum, hadari bai ko fara leƙowa ba. Baba ya zagaya su sau biyu da sandarsa, ya zungure ɗaya.

"Shi ke nan?" ya tambayi bango. "A tambayi malamin gona, wanga ɗan abu shi za ya ƙosar da wagga gona?"

Mutum ne da ya saba lissafin taki da mangala, jaki ya yi ta jigila har wata guda. Na durƙusa na ce wa tabarma ai yana da ƙarfi ƙwarai, kaɗan ake sa wa. Na ce a ajiye shi inda ruwa ba zai taɓa shi ba, in an yi noman farko a tona gefen kowace shuka a zuba ɗan tsakure a rufe da ƙasa. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce kada a haɗa shi da toka ba. A cikin gidan nan na girma, gidan da ake ajiye wake cikin toka don ƙwari, ake wanke tukunya da toka, ake tace toka a sa a miya in babu kanwa, ake kwashe ta a juji a kai gona duk shekara. Duk na san wannan, amma bai zo mini a rai ba. Na sha fura, na buga babur na koma.

Aiki ya riƙe ni wajen Riko da wasu ƙauyuka fiye da wata guda. Ranar da na dawo gida, wata Juma'a da hantsi, tun ban kashe babur ba hancina ya gaya mini. Wani zarni ne mai kaifi, irin na makewayin da aka daɗe ba a share ba, amma ya fi shi hawa kai. Na jingine babur na bi warin har bayan gida.

A nan na tarar da tsibi ya kusa kai mini ƙirji, mai launin toka, a jiƙe. Baba na zaune kan turmi, dattawan unguwa uku na tsaye kewaye da shi, auta kuma na juya tsibin da shebur yana kawar da fuska, hawaye na zubo masa. Buhunana huɗu suna rataye a kan danga, wayam.

Baba ya hango ni, fuskarsa ta washe irin yadda ban taɓa gani ba. Ya ce wa dattawan, "A gaya ma malamin gona, takinshi ba ƙarya ba ne. Mun ƙara mishi auki da toka, muna yayyafa mishi ruwa kullum don ya nuna. Ku da kun zo kwanakin farko, ai ba ku iya tsayawa nan. Har kaji sun bar wurin."

Ɗaya daga cikin dattawan ya matsa ya shaƙa, ya yi baya yana tari yana dariya. Ya ce wannan in ya shiga ƙasa ai ko dutse sai ya yi zangarniya.

Abin da ya faɗo mini shi ne wani aji a makarantarmu, da wani malami siriri mai tabarau. Ya ɗebi salfa ya zuba a kofin gilashi, ya barbaɗa toka, ya ɗiga ruwa, ya motsa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana kanga mana a hanci. Muna ta atishawa muna dariya. Sai ya ce mu daina dariya, abin da ya shiga hancinmu shi ne abin da manomi ya wahala ya nemo.

Bayanin ba shi da wuya. Abincin da shuka ke nema a cikin salfa shi ake kira naitorojin, shi ke sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi kauri. A cikin buhu a ɗaure yake da wani sinadari mai tsami wanda ke riƙe shi kada ya gudu. In ka binne shi a ƙasa mai laima, ƙasar ta kama shi, sannan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su yi ta sarrafa shi kwana da kwanaki har ya zama abin da saiwa ke iya sha. Toka kuwa 'yar uwar kanwa ce. Kowace mace ta san in yakuwa ta cika tsami ruwan toka ake ɗiga mata ya kashe shi. To haka take yi wa salfa. Da ta kashe tsamin nan, ɗaurin ya kwance, abincin ya zama iska mai zarni da ake kira amoniya, ya tashi ya tafi abinsa. Ruwa yana hanzarta shi, zafin rana yana hanzarta shi, juyawa da shebur kuwa buɗe masa ƙofa ce. Duk ukun an yi masa a bayan gidanmu, da zuciya ɗaya.

Na tambayi auta a hankali kwana nawa ke nan. Ya ce sun haura ashirin. Baba ya ji, ya ƙara da cewa yanzu ai warin ya fara kwantawa, alamar ya kusa nuna ke nan.

Me zan ce? In tsaya gaban dattawa uku, ni ɗan fari, in ce wa ubana ya zubar da abincin shekara a iska? Na ji kamar in kwanta a kan tsibin nan in danne shi da cikina. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya sa albarka." Suka ce amin.

Bayan an sauko daga masallaci na same shi shi kaɗai a zaure. Na yi niyyar faɗa, wallahi na yi. Na durƙusa na ce, "Baba, wannan tokar…"

Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce wa bango, "Ai aikin tsohuwar nan ne. Tun ranar da aka kawo buhunan ta ga sun yi kaɗan, ba ta zauna ba. Ba gidan da ba ta shiga ba a garin ga. Ta je wurin mai ƙosai, ta je wurin mai waina, har ƙauyen gaba ta tahi da ƙwarya bisa kai. Tarin da kake ji tana yi, na toka ne. Wai don autanta."

Daga cikin gida na ji tarin. Busasshe ne, mai tsawo, irin wanda ke sa mai saurare ya riƙe nasa numfashin. Inna a lokacin ta ba sittin baya. Maganar da ke bakina ta koma ciki, kuma ba ta sake fitowa a gabansa ba.

Washegari da sassafe na koma Jibiya da nufin in nemo wani takin in rufe ɓarnar ba tare da kowa ya sani ba. Mai riƙe da sito ya buɗe mini ƙofa ya nuna mini daɓe a share tas. Na yi masa tsawa, ya bar ni na gama, sannan ya ce in na ga buhu ɗaya in ɗauka kyauta. Na tafi Magama, don kowa ya san inda taki ke bi. Na tsaya bakin hanya da rana tsaka ina kallon jakuna da raƙuma suna yanke daji, an lulluɓe kayansu da tabarmi, kusurwar farin buhu na leƙowa. Na tare wani ɗan kasuwa na fara yi masa wa'azin ƙasa da manoma. Ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Malam, mutanen can ma gero suke ci." Ya kaɗa jakinsa. Na tsaya nan da birona biyu ina huci, babu abin da zan iya yi masa.

Sati uku ina yawo. Abin da na samu a ƙarshe ragowar wani buhu ne da ya sha laima ya dunƙule, bai fi kwano biyar ba bayan na farfasa shi da dutse.

Ruwa ya sauka, kuma ina so a sani daminar nan ba ta da laifi. Ta zo kan lokaci, ba ta yi fashi ba, ba ta yi yawa ba. Gero ya tsiro gwanin sha'awa. Bayan noman farko aka yi ta jigilar tsibin nan da jaki, Baba na tafe a baya da sandarsa yana amsa gaisuwa, auta na tona gefen kowace shuka yana zubawa yana rufewa, daidai yadda na koyar. Ko ɗaya ba su saɓa ba. Ni kuma wata ranar kasuwa da na san ba kowa a gona, na zo na binne ɗan abin da na samo a kusurwar gabas, kunya goma sha wani abu, ina waige-waige kamar ɓarawo a gonar ubana.

Wata bai cika ba abin ya fara nunawa. Ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya, daga tsini ya bi tsakiya, don shuka in ta ji yunwa tana janye abincin tsofaffin ganye ta ba sababbi. Na san wannan, na taɓa cin jarrabawa a kansa. Duk Juma'a sai in zo in tarar rawayar ta ƙara hawa. Kara ya tsaya siriri. Sai wuta-wuta ta fito, wadda ba ta son komai kamar ƙasa mai yunwa, ta cika tsakanin kunyoyi da furenta mai kyan banza. Kusurwar gabas kaɗai ta yi duhu ta fi mutum tsawo.

Na yi zaton Baba zai tambaya. Ya je ya tsaya gaban kusurwar ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai ya ce nan ne Bafillacen nan ke ɗaure maruƙansa, sauran albarkar shanu ce ba ta ƙare ba.

Auta kam na gaya masa. Shi ba ni da kunyarsa. Na ja shi cikin koren geron nan na kwashe komai na faɗa masa, tokar, zarnin, kwano biyar ɗin da na binne. Na ce ya duba da idonsa, ƙasar nan lafiyarta ƙalau, yunwa ce kawai. Na ce ya ba ni shekara ɗaya, baɗi ni da kaina zan tsaya a kan takin.

Ya tsinke ganye ɗaya yana murzawa. Ya ce, "To Yaya, ka je ka gaya ma Baba mana."

Ya yar da ganyen, ya ƙara da cewa:

"Ka je ka gaya ma Inna tokarta ce."

Na ce ya san ba zan iya ba. Sai ya yi 'yar dariya, ba ta raini ba, ya ce, "Yaya, kai ka bar hauya ka kama biro, ba wanda ya ce maka ka ba da shekara ɗaya. Kana zuwa ran Juma'a bisa babur, ka sha fura ka koma. Ni nike kwana da ciwon bayan Baba da tarin Inna. Sa'o'ina duk sun yi aure. Alkawari damina ɗaya aka yi, kuma na yi ta, ko kunya ɗaya ban ha'inta ba."

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, na ce masa mara haƙuri, na ce kwaɗayin agogo ne ke jansa. Ya bar ni na gama, ya ɗauki hauyarsa ya koma cikin rawayar gero ya ci gaba da maimai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Aka yi girbi. Zangarniya gajeru, wasu rabinsu fanko. Ba sai an ƙirga dami ba, rumbu ɗaya bai kai wuya ba, na biyun ko buɗe shi ba a yi ba. Inna ta zagaya shi ta dafa shi da tafin hannu, ta koma madafa.

Baba ya aika a kira ni, abin da bai taɓa yi ba. Na iso da safe na tarar da auta a durƙushe a zaure, wani abokinsa na jiransa a waje da babur. Gefen Baba ga buhunana huɗu, an wanke su an ninke. Ya tura wa auta su ya ce ya riƙa shimfiɗawa ƙarƙashin jarka kada ƙarfe ya huda ta. Ya yi masa addu'a doguwa, ya ce ya tashi ya tahi, ya yafe mishi duniya da lahira.

Sannan ya juyo. Ba bango ya duba ba, ni ya duba, karo na farko da zan iya tunawa.

"Kai kuma kada ka sa ma ranka komi," ya ce. "Ka yi abin da ɗa ke yi. Takinka ba shi da laihi, ni da hancina na ji ƙarhinshi. Ƙasar da aka ba wanga taki ba ta tashi ba, ta mutu ke nan. Ba ni tsare yaro bisa gawa."

Ina durƙushe, maganar tana nan a bakina, ƙwaya ɗaya ce, in na faɗe ta wataƙila komai ya juya. Ta bayan zana ina jin motsin Inna, ta matso tana saurare. Na ce, "To, Baba." Babur ya tashi a waje, muna jin ƙararsa har ta ɓace wajen hanyar Magama.

Ba zan ce auta ya lalace ba, don bai lalace ba. Ya yi babur nasa, daga baya ya yi mota, ya yi aure a Maraɗi ya zauna can. Shi ya riƙa aiko da shinkafa da man gyaɗa, gidanmu bai kwana da yunwa ba. Amma Baba bai ƙara taka gonar nan ba. Shekara ta zagayo na kawo wani takin, ya ce a gaya ma malamin gona ya kai wa masu ƙasa mai rai. Sabara ta cinye kunyoyin, 'yan jarka suka fitar da hanya ta tsakiyarta. Shekara shida yana zaune a zaure yana cin shinkafar da bai noma ba, yana cewa ba ta riƙe ciki, har Allah ya karɓi abinsa.

Ni kuwa na yi shekara talatin da wani abu ina aikin gona. Ba taron manoman da na taɓa tsayawa gabansa ban fara da maganar toka ba. Har tsokanata ake yi, in an hango babur ɗina a ce ga mai toka nan tafe. Nakan zo da kofi da salfa da toka in kanga wa mutane a hanci, in ce wannan da kuka ji shi ne guminku yake tashi. Na gaya wa mutanen da ban san iyakarsu ba. Mutum biyu ne ban gaya wa ba.

Bayan an yi arba'in ɗin Baba na shiga cikin gida in yi sallama zan koma. Inna na zaune bakin murhu ta ba ni baya, tana kwashe toka da sakaina tana zubawa a tsohuwar ƙwarya. Ta tsufa ƙwarai, tarin nan kuma bai taɓa barinta ba. Na durƙusa daga nesa na ce zan tafi. Ba ta juyo ba. Ta daɗe tana kwasa, har na zaci ba ta ji ni ba. Sai ta yi magana, da murhun take yi, ba da ni ba.

"A tambayi malamin gona," ta ce. "Shekarar nan da auta ya tahi. Akwai gida biyu can bayan gari da ƙafata ta gaza ban kai ba. Tokar ce ta yi kaɗan?"

Ashe shekara shida abin da take ɗauke da shi ke nan. Na dubi bayanta, na dubi ƙwaryar.

Na ce, "A'a, Inna. Ta isa."

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da kwasa. Na tashi na fita, na tura babur har bakin gari kafin na iya tayar da shi.